Ƙungiyoyin 'yan kasuwa bayan faɗuwar mulkin kama-karya: tambayoyi da amsoshi

Duk ƙasar da ta fito daga hannun sojoji, ko jam'iyya ɗaya, ko mutum guda da iyalansa, za ka tarar shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da mambobinsu suna ta juya tambayoyi kusan iri ɗaya. Wasu na tsoro ne, wasu na neman mafita, wasu kuma na wanke kai. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa. Kowace amsa ana iya karanta ta ita kaɗai, inda kuma wata ta jingina da wata an nuna.

Wace irin ƙungiya ake nufi idan an ce ƙungiyar 'yan kasuwa?

Duk wata haɗaka ta masu sana'a ko masu jari da ke magana da yawun mambobinta: majalisun kasuwanci da masana'antu, ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata, na masu sana'a guda kamar sufuri ko gini, na mata 'yan kasuwa, da na masu ƙananan sana'o'i. A Jamus da Austriya doka ce ta wajabta wa kamfani zama ɗan majalisar kasuwanci ya riƙa biyan kuɗi. A Ingila da Amurka kuwa ganin dama ne, wanda ya so ya shiga.

Abin lura shi ne, mai mulkin kama-karya ba ya barin irin waɗannan ƙungiyoyi su yi zaman kansu. Ko dai ya rusa su, ko ya mallake su. A Sifaniya ta zamanin mulkin Janar Franco an cusa masu kamfanoni da ma'aikatansu cikin ƙungiya guda da gwamnati ke juyawa, sai bayan mutuwarsa a 1975 aka ba kowa 'yancin kafa tasa, inda ƙungiyar masu kamfanoni ta CEOE ta samu a 1977. Yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1948, ta ba masu ɗaukar ma'aikata wannan 'yanci daidai da yadda ta ba ma'aikata. Mutane da yawa suna ɗauka ta 'yan ƙwadago ce kawai.

Ina ruwan ɗan kasuwa da dimokuraɗiyya? Ba riba ce a gabansa ba?

Riba ce, kuma ta nan ruwan nasa ya shigo. A ƙarƙashin mulkin danniya dukiyarka taka ce matuƙar mai mulki bai ɗora ido a kanta ba. Lasisi, kwangila, izinin shigo da kaya, rancen banki, duk suna hannun wanda ba mai tambayarsa. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2014 ya nuna cewa kamfanoni 220 masu alaƙa da iyalan Ben Ali, shugaban Tunisiya da aka hamɓarar a 2011, sun kwashi kashi 21 cikin ɗari na ribar kamfanoni masu zaman kansu a ƙasar, alhali ma'aikatan da suka ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ba ƙwarewa ce ta kawo haka ba. Sun taru ne a fannonin da ke buƙatar izinin gwamnati, kuma akan ƙara tsaurara sharuɗɗan shiga fannin da zarar sun shige. A Indonesiya ma, ɗan shugaba Suharto ne aka ba babakeren cinikin kanumfari, aka kuma yafe wa kamfaninsa na motoci harajin da sauran ke biya.

Ke nan mafi yawan 'yan kasuwa asara suke yi a irin wannan mulki, tsiraru ne shafaffu da mai. Abin da masu rinjayen ke buƙata sananne ne: kotun da za ta tilasta wa babban mutum biyan bashi, dokar da aka sani kafin a zuba jari, jaridar da za ta tona wanda aka ba kwangila a ɓoye, da damar yin kuka ba tare da an aiko masu binciken haraji washegari ba. Idan ka duba, waɗannan su ne ginshiƙan da mulkin jama'a ke tsayuwa a kansu.

To ashe 'yan kasuwa masoya dimokuraɗiyya ne tun asali?

A'a, kuma duk wanda ya gaya maka haka bai karanta tarihi ba. Manyan masu masana'antun Brazil sun mara wa juyin mulkin soja na 1964 baya. A Chile yajin aikin masu manyan motoci na 1972 yana cikin abubuwan da suka share wa Janar Pinochet hanya, kuma ƙungiyoyin masu kamfanoni sun yi marhabin da juyin mulkin 1973. Ɗan kasuwa da ya tsorata da ƙwace dukiya ko tarzomar ma'aikata yakan rungumi soja da hannu biyu.

Sukan juya ne idan zama da mulkin ya fi rabuwa da shi tsada. A Brazil ɗin, a 1978, wasu manyan 'yan kasuwa takwas sun sa hannu a takardar neman a koma mulkin dimokuraɗiyya. A Filifin, bayan kisan madugun adawa Benigno Aquino a watan Agustan 1983, ma'aikatan ofisoshin unguwar kasuwanci ta Makati suka riƙa fitowa zanga-zangar ƙin shugaba Marcos. A Afirka ta Kudu kuwa, a 1985 bankunan waje suka ƙi sabunta rance, kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, sai ga shugaban kamfanin Anglo American, Gavin Relly, ya jagoranci tawaga zuwa Zambiya a watan Satumba don ganawa da Oliver Tambo da shugabannin ANC, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata da a lokacin haramtacciya ce. Babu laifi idan lissafi ne ya kawo mutum hanya. Sai dai a riƙa tuna cewa lissafin na iya sauyawa, abin da tambaya ta ƙarshe ta taɓo.

Ta yaya za a bambance ƙungiyar da ke neman gyara da wadda ke neman alfarma?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Ɗauki duk buƙatar da ƙungiya ta kai wa gwamnati ka yi mata tambaya guda: idan aka biya wannan buƙata, wanda zai buɗe irin wannan sana'a gobe, wanda ba ɗan ƙungiyar ba ne kuma bai san kowa ba, zai amfana ko zai cutu? Idan an nemi a rage kwanakin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, kowa ya samu. Idan an nemi a hana shigo da wani kaya saboda kamfanoni uku ne ke yin sa, ko a ce sai da takardar ƙungiya za a ba sabon shiga lasisi, to wannan tsohon hali ne ya sa sabuwar riga.

Akwai kuma alamu na zahiri. Mai neman alfarma ya fi son ganawar dare da minista, mai neman gyara yana buga takardarsa kowa ya gani. Na farko yana neman a cire shi daga doka, na biyu yana neman a gyara dokar. Gaskiya dai babu ƙungiyar da ta tsarkaka gaba ɗaya, domin mambobi ne ke biyan kuɗi kuma kowa da tasa. Abin dubawa shi ne ɓangaren da ya fi rinjaye.

Ƙungiyarmu tsohuwar gwamnati ce ta raine ta. Mu rusa ta ne ko mu gyara?

An gwada duka biyun. Sifaniya ta kafa sabuwa. Tunisiya ta riƙe tsohuwarta, UTICA, wadda ke nan tun 1947: bayan guduwar Ben Ali a ranar 14 ga Janairun 2011 tsohon shugabancinta ya sauka, Wided Bouchamaoui ta hau a shekarar. Amfanin gyara shi ne ana gadon ofisoshi, da rassa, da sunayen mambobi. Illarsa kuma ana gadon baƙin jini da tsofaffin fuskoki.

Ko wace hanya aka bi, abubuwan da ba makawa su ne: zaɓen shugabanni a asirce, ƙayyade wa'adi, fitar da lissafin kuɗi duk shekara bayan mai bincike na waje ya duba, da hana gwamnati naɗa kowa a kwamitin gudanarwa. Sai batun nauyin ƙuri'a, wanda shi ya fi kawo faɗa. Manyan kamfanoni za su ce su ke biyan kuɗi mafi yawa, ƙanana za su ce su ne masu yawa. Hanyar da ta fi zama lafiya ita ce a ware kujeru bisa girma da fanni, yadda ba wani rukuni da zai iya zartar da matsaya shi kaɗai. Ƙungiyar da shugabanta ya shekara ashirin a kujera ba ta da bakin gaya wa shugaban ƙasa ya mutunta wa'adi.

Ya dace ƙungiya ta goyi bayan wata jam'iyya ko ɗan takara?

Mamba a ƙashin kansa yana da 'yancin goyon bayan wanda ya so. Ƙungiya kam gara ta tsaya a kan manufofi. Tana iya gayyatar dukan 'yan takara muhawara, ta miƙa wa kowanne takardar buƙatu iri ɗaya, ta buga amsoshinsu. Tana iya taimaka wa sa ido a zaɓe, kamar yadda ɗan kasuwa Jose Concepcion ya jagoranci ƙungiyar NAMFREL da ta yi ƙidayar kanta a zaɓen Filifin na 1986, ƙidayar da ta saɓa wa ta hukuma.

Rasha ta nuna ƙarshen ɗaya hanyar. A 1995 aka miƙa wa wasu 'yan tsirarun masu bankuna hannun jarin manyan kamfanonin mai da ma'adinai a matsayin jinginar rancen da suka ba gwamnati, aka kuma bar musu da arha. A 1996 suka zuba kuɗi da kafofin labaransu don shugaba Yeltsin ya zarce. Sun zaci sun sayi gwamnati. Da Putin ya zo sai labari ya sha bamban, aka kama Mikhail Khodorkovsky, wanda ya fi kowa kuɗi a ƙasar, a watan Oktoban 2003, aka wargaza kamfaninsa na Yukos. Babu kotu mai zaman kanta da za su ruga wurinta, domin lokacin da suke da ƙarfin neman a gina ta ba su nema ba.

Wace rawa ƙungiya za ta iya takawa lokacin da 'yan siyasa suka kasa jituwa?

Misali biyu sun isa a tsaya a kansu. A Afirka ta Kudu wasu shugabannin kamfanoni sun kafa ƙungiyar tuntuɓa ta CBM a 1988, suka shafe shekaru suna zama da 'yan gwagwarmayar da ba su yarda da su ba. Da zubar da jini ya yi yawa, su da shugabannin coci suka taimaka aka tsara Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Ƙasa da aka sa wa hannu a ranar 14 ga Satumban 1991. Da aka fara taron tsara sabon tsarin mulki na CODESA a ƙarshen shekarar, CBM ce ta riƙe ayyukan sakatariya: ɗakunan taro, takardu, rubuta abin da aka tattauna. Aiki ne marar armashi, ba wanda ke tafa maka a kansa, amma gwamnati ba ta yarda ANC ta riƙe shi ba, ANC ma ba ta yarda gwamnati ta riƙe ba.

A Tunisiya, 2013 shekara ce mai zafi. An kashe 'yan adawa biyu, Chokri Belaid a Fabrairu da Mohamed Brahmi a Yuli, aikin majalisar tsara kundin mulki ya tsaya cik. Sai ƙungiyoyi huɗu suka shiga tsakani: ta ƙwadago UGTT, ta masu kamfanoni UTICA, ta lauyoyi, da ta kare haƙƙin ɗan Adam. Suka ɗora wa jam'iyyu taswirar fita, gwamnatin da jam'iyyar Ennahda ke jagoranta ta sauka, aka kafa ta ƙwararru, aka amince da kundin mulki a Janairun 2014, aka yi zaɓe. An ba su lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2015. UGTT ce mai ƙarfin titi, wannan ba a musu. Amma ganin ma'aikata da iyayen gidansu, waɗanda kullum suke kai ruwa rana kan albashi, sun zo da magana guda, shi ya hana kowace jam'iyya cewa shirin na wani ɓangare ne.

Sharaɗin wannan aiki shi ne abin da aka faɗa a amsar da ta gabata. Wanda ya riga ya ɗauki ɓangare ba ya raba faɗa.

Da wane gyara ya kamata a fara?

A ganina, da duk abin da ke rage wa jami'in gwamnati ikon cewa "ga wanda na ga dama". Mulkin kama-karya yana rayuwa ne da yawan izini, domin kowane izini ƙofa ce ta saka wa na gida da hukunta na waje. A Polan, tun a Disamban 1988, kafin ma gwamnatin gurguzu ta faɗi, an yi dokar da ta ce duk sana'ar da ba a haramta ba halas ce, sai ƙananan kamfanoni suka riƙa ɓullowa ta ko'ina. Koriya ta Kudu a 1998 ta bi ƙa'idojinta kusan 11,000 ɗaya bayan ɗaya ta soke kusan rabi. Jojiya bayan juyin juya halin 2003 ta rage ire-iren haraji daga 21 zuwa 7, ta kuma soke fiye da kashi 80 cikin ɗari na lasisi da takardun izini. Indonesiya, shekara guda bayan faɗuwar Suharto a 1998, ta yi dokar hana babakere, ta kafa hukumar kula da gasa.

Bayan wannan sai buɗe hanyar ba da kwangila, da buga kasafin kuɗi, da kotunan kasuwanci. Su ma Jojiyan akwai abin koyo a kuskurensu: an yi gyaran da sauri daga sama, amma 'yan kasuwa da dama sun koka cewa masu gabatar da ƙara na tilasta musu biyan kuɗi ko sallama dukiya don a bar su. Rage lasisi ba ya maye gurbin alƙali mai zaman kansa.

Idan za a sayar da kamfanonin gwamnati fa, me ƙungiya za ta nema?

Ta nemi a tantance darajar kamfani a fili, a yi gwanjo a buɗe, a bayyana ainihin mutanen da ke bayan kowane mai saye, a kuma kafa hukumar sa ido kafin a sayar da abin da ba shi da kishiya, kamar lantarki ko tashar jiragen ruwa. In ba haka ba an mayar da babakeren gwamnati na mutum guda ke nan. Shugabannin ƙungiya da ke son saye su janye daga kwamitin ba da shawara, ba a ba kura ajiyar nama. Abin da ya faru a Rasha, wanda aka kawo a amsar goyon bayan 'yan takara, ya sa har yau jama'a da yawa a can suna jin kalmar gyara kamar an ce sata.

Gyaran tattalin arziki yana jawo wa talaka wahala. Ba zai sa mutane su tsani sabon mulkin ba?

Yana iya sawa, kuma ya sha sawa. Shirin gyaran tattalin arziki na ministan kuɗi Balcerowicz da Polan ta fara a ranar 1 ga Janairun 1990 ya karya hauhawar farashi ya cika kantuna da kaya, amma rashin aikin yi ya tashi daga kusan babu zuwa sama da kashi 16 cikin ɗari cikin 'yan shekaru, a zaɓen 1993 kuwa magadan tsohuwar jam'iyyar gurguzu suka dawo. A Tunisiya matasan da suka yi juyin juya hali don neman aiki sun shekara goma suna jira.

Inda abin ya zo da sauƙi, za ka tarar masu kuɗi sun yarda sun ɗauki wani kaso na nauyin. A Chile a 1990, da Patricio Aylwin ya karɓi mulki, ƙungiyar masu kamfanoni ta CPC da ta ƙwadago CUT da gwamnati sun sa hannu a yarjejeniya, aka ƙara mafi ƙarancin albashi, aka ɗaga harajin ribar kamfanoni daga kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don a kashe a kan lafiya da ilimi da tallafi. A Sifaniya yarjejeniyar Moncloa ta Oktoban 1977, wadda jam'iyyu suka ƙulla lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 25 cikin ɗari, ta haɗa taƙaita ƙarin albashi da gyaran haraji da faɗaɗa 'yanci. CEOE ba ta cikin masu sa hannu, ta ma yi gunaguni, amma daga baya ta ƙulla nata yarjejeniyoyin da ƙungiyar ƙwadago ta UGT a 1979 da 1980. Ƙungiyar da ke kiran a janye tallafin talaka alhali tana kare rangwamen harajin mambobinta, ita ce ke ɗinka wa mai neman dawo da danniya rigar kamfe.

Ta yaya ake haɗa takardar buƙatu da gwamnati za ta ɗauka da muhimmanci?

A fara daga ƙasa. A zagaya rassa, a tambayi mambobi abin da ke cinye musu lokaci da kuɗi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za a tara ƙorafi ɗari. Aikin shugabanci shi ne ya tace su zuwa biyar ko bakwai, ta amfani da ma'aunin da aka bayar a amsar bambance gyara da alfarma. Kowace buƙata a rubuta ta da sashen dokar da ake so a sauya, da sabon lafazin da ake so, da hukumar da ke da alhaki, da abin da gwamnati za ta samu ko ta rasa. Minista da aka kai wa kuka zai ba da haƙuri. Wanda aka kai wa daftarin gyara a rubuce dole ya ce e ko a'a.

Sannan kada a tsaya a fadar shugaban ƙasa. Wannan ɗabi'a ce da aka gada daga lokacin da mutum ɗaya ke yanke komai. A je kwamitocin majalisa, a halarci zaman jin ra'ayin jama'a, a yi magana da 'yan jarida. Duk shekara a buga abin da aka cika da abin da ba a cika ba. Kenya, bayan saukar shugaba Moi a 2002, ta ga kafuwar haɗakar 'yan kasuwa ta KEPSA a 2003, wadda ta mayar da zama da ministoci da shugaban ƙasa abu mai jadawali. Amfanin jadawali shi ne ana iya komawa zama na gaba da takardar alkawuran zaman baya.

Masu ƙananan sana'o'i da ba su da rajista, suna da wuri a wannan tafiya?

Idan ba su da shi, tafiyar ba ta da ƙafa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan biyu, sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne a wajen tsarin hukuma. Mohamed Bouazizi, wanda ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya ranar 17 ga Disamban 2010, abin da ya kunna juyin juya halin ƙasar, ɗan kasuwa ne mai tura baro da aka ƙwace wa kaya, ba shi kuma da ƙungiyar da zai kai wa ƙara.

Mutane ba don son zuciya kawai suke ƙin rajista ba. A 1983 masu binciken cibiyar Hernando de Soto a Peru sun gwada yi wa ƙaramin shagon ɗinki rajista ta hanyar doka, sai da suka shafe kwana 289. Manyan ƙungiyoyi sukan kalli marasa rajista a matsayin masu gasar rashin adalci, su nemi a kore su. Ya fi amfani a ba ƙungiyoyinsu kujera da kuɗin shiga mai sauƙi, a sa buƙatunsu a takarda: rajista a wuri ɗaya, haraji ɗaya sananne, da takardar mallakar wurin sana'a. Mata ne da yawa a wannan rukuni, kuma a wasu ƙasashe har yanzu doka na tauye musu mallaka ko sa hannu a yarjejeniya. Su ne kuma masu ƙuri'a, abin da manyan kamfanoni ba su da shi.

Daga ina kuɗin aiki zai fito? Karɓar tallafin waje laifi ne?

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko gwamnati ce, ko attajiri guda, ko wata cibiya ta waje. Tushen da ya fi aminci shi ne kuɗin mambobi da kuɗin hidimomi, kamar baje koli, horo, takardar shaidar asalin kaya, da sasanta rikicin ciniki. Wasu na kwaɗayin a wajabta zama mamba don kuɗi su shigo ba wahala. Hangari ta gwada haka a 1994 ta kuma soke bayan 'yan shekaru. Kuɗin dole yana raba shugabanni da buƙatar sauraron mambobi.

Tallafin waje akwai shi. Sananniya a wannan fage ita ce cibiyar CIPE, wadda aka kafa a 1983, tana da alaƙa da Majalisar Kasuwanci ta Amurka, tana kuma cikin manyan cibiyoyi huɗu na asusun tallafa wa dimokuraɗiyya na NED da majalisar dokokin Amurka ke ba kuɗi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da sashen da ke taimaka wa ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata. Karɓa ba laifi ba ne, amma a bayyana shi ga mambobi da jama'a, a kashe shi a kan horo da bincike, kada ya zama shi ke biyan albashi da haya. A kuma san haɗarinsa: a Masar an kai samame ofisoshin ƙungiyoyi masu samun tallafin waje a Disamban 2011, Rasha ta yi dokar "wakilan ƙasashen waje" a 2012, ta kuma haramta ayyukan NED a 2015. Ƙungiyar da mambobinta ke ɗauke da ita ta fi wuyar a liƙa mata sunan 'yar amshin shata.

Mambobinmu da suka yi arziki a inuwar tsohuwar gwamnati fa, a hukunta su ko a yafe?

A raba su gida uku. Akwai wanda ya biya cin hanci don ya tsira, wannan kusan kowa ne. Akwai wanda ya wawuri dukiyar jama'a ta hanyar kusanci. Akwai wanda ya sa hannu a zalunci kai tsaye. Na ukun maganar kotu ce, komai daɗewa: an gurfanar da shugabannin kamfanonin Jamus na Krupp da IG Farben da Flick a kotun Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu, a Ajantina an yanke wa tsofaffin manajojin Ford biyu hukuncin ɗauri a 2018 kan azabtar da ma'aikata a zamanin soja, a 2020 kuma Volkswagen ya amince ya biya kuɗin Brazil real miliyan 36 kan haɗa kai da sojojin Brazil. Na biyun maganar dawo da dukiya ce ta hanyar shari'a, kamar yadda hukumar bincike ta Janneh a Gambiya ta bi sawun abin da Yahya Jammeh ya kwasa, wanda ta ƙiyasta aƙalla dala miliyan 362.

Matsayin ƙungiya mai wuya ne, domin waɗannan mutane galibi su ne manyan masu biyan kuɗinta. Kada ta nemi yafiya ta bai ɗaya. Da gwamnatin Tunisiya ta kawo ƙudurin sulhun tattalin arziki a 2015, matasa sun fito da taken "ba zan yafe ba", sai da aka cire 'yan kasuwa daga ciki kafin a zartar da shi a 2017. Kada kuma ta yi shiru idan ana ƙwace dukiya ba shari'a, ko da mai dukiyar ba mutumin kirki ba ne, domin hanyar da aka bi aka ƙwace tasa ita za a bi gobe a kan wani. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu ta ware zama na musamman ga 'yan kasuwa a Nuwamban 1997, inda wasu suka amsa cewa sun amfana da wariyar launin fata, wasu suka musa.

Idan aka ga alamun ana komawa gidan jiya, me ƙungiya za ta iya yi?

Da farko ta gane alamun, domin ba kullum da tankar yaƙi ake dawowa ba. Za a ga ana sauya alƙalai, ana aika masu binciken haraji wurin kamfanin da ke ba jaridar adawa talla, kwangiloli suna komawa hannun sababbin 'yan lele. A Tunisiya, a ranar 25 ga Yulin 2021, shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa ya sallami firaminista, jama'a da yawa suka yi murna saboda gajiya da talauci da rikicin jam'iyyu, ƙungiyoyi huɗun nan kuma ba su sake haɗuwa da murya ɗaya irin ta 2013 ba.

Akwai inda aka yi magana da wuri. A watan Agustan 2022, lokacin da ake jefa shakku kan na'urorin zaɓen Brazil, ƙungiyar masu masana'antun São Paulo, FIESP, wadda magabatanta suka goyi bayan juyin mulkin 1964, ta jagoranci takardar kare dimokuraɗiyya da kotuna, ƙungiyar bankuna da na ƙwadago suka sa hannu. Magana kuma tana da farashi: a Fabrairun 2025 an kai shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa ta TÜSİAD ta Turkiyya biyu gaban masu gabatar da ƙara, kwanaki kaɗan bayan sun soki yadda ake tafiyar da shari'a a ƙasar.

Saboda haka shirin tun ana zaman lafiya ake yin sa. A rubuta a kundin ƙungiya abubuwan da idan aka taɓa su dole a fitar da sanarwa, kamar ɗage zaɓe ba bisa doka ba ko ƙin bin hukuncin kotu, don kada a tsaya muhawara ranar da abin ya faru. Sanarwa ta fito da sunan ƙungiya da sa hannun mutane da yawa, kada a bar mutum ɗaya a gaba. A ware asusun lauyoyi don mamban da aka taka. A kuma riƙe zumunci da 'yan ƙwadago da lauyoyi da 'yan jarida, ana zama ko sau biyu ne a shekara, ko da ana tsakiyar rigimar albashi.